Wasiƙa Daga Kanada: Ku Daina Cewa Hoki Cuta Ce



Akwai maganar da mutanenmu na nan ke yawan yi, kuma ta ishe ni. Wai wasan hokin ƙanƙara yaudara ce, an ce minti 60 amma sai a riƙe mutum awa biyu da rabi. To ni dai ban yarda ba.

Haka ne, a gasar NHL zango uku ake yi, kowanne minti 20. Tsakanin zango da zango akwai hutun minti 18, lokacin da motar nan Zamboni ke shiga ta gyara ƙanƙarar da takalma suka kankare. Amma abin da masu ƙorafin ba su faɗa shi ne, da alƙali ya busa usur, agogo ya tsaya cak. Ba mai kwanciya yana birgima don ya ci lokaci, domin ba abin da zai ci. Minti 60 ɗin nan da ka biya wa kuɗi, sai an buga maka su cif.

Yanzu ku dubi ƙwallon ƙafar da muke tinƙaho da ita. Minti 90 a baki, amma a Firimiyar Ingila lokacin da ƙwallo ke yawo a fili bai cika kai awa guda ba. Sauran ya tafi wajen jifa, canjin 'yan wasa da ciwon ƙarya, sannan alƙali ya ƙara abin da ya ga dama. Tsakani da Allah, wa ke cutar wa?

Inda na yarda da ku guda ne: tsayawar da ake yi har sau uku a kowane zango don talabijin ta sa talla. Wannan kam kwaɗayi ne.

In an tashi kunnen doki, ana ƙara minti 5, mutum uku-uku tun 2015, in ba a rabu ba a koma bugun ɗaya-ɗaya da gola. A wasannin neman Kofin Stanley kuwa babu wannan sassaucin, zangon minti 20 za a yi ta jerawa sai wani ya ci. A 1936 Detroit da Montreal Maroons sai a zangon ƙari na shida suka rabu, ci ɗaya da nema. A 2020 ma, a nan Toronto, Tampa Bay da Columbus sun kai na biyar.

Saboda haka Malam, in yaranka sun ja ka kallon wasan ƙarfe 7 na yamma, ka sa ranar fita tara da rabi. In kuwa na kofi ne, ka gaya wa uwargida kada ta jira ku da tuwo.