Ba a fafe gora ranar tafiya: Dakta Charles Drew da rumbun jini

Jama'a ƴan kasuwa, kowa daga cikinku ya san cewa mai shagon da ke jira sai mai saye ya tsaya a gabansa sannan ya ruga sari ba zai daɗe a kasuwa ba. Amma abin mamaki, haka muke yi da jini. Sai mace ta haihu jini ya ɓalle, ko mota ta kife tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, sannan likita ya fito ya ce wa dangi su nemo mai ba da jini. Daga nan sai buge-bugen waya da hawan kabu-kabu, wani lokaci har a turo mana sanarwa gidan rediyo, alhali mara lafiya na kwance, kowane minti yana rage masa ƙarfi.

Shekara tamanin da wani abu ke nan da wani likita baƙar fata ɗan Amurka ya nuna wa duniya yadda ake kauce wa wannan guje-guje. Sunansa Charles Richard Drew. An haife shi a birnin Washington a 1904, ya yi karatun likita a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada inda ya gama a 1933, daga baya ya tafi jami'ar Columbia a New York ya duƙufa kan tambaya guda: yaya za a ɗebi jinin mutum a ajiye shi bai lalace ba har ranar da wani zai buƙace shi? A kan wannan ya rubuta kundin digirinsa a 1940, ya kuma zama baƙar fata na farko da jami'ar ta ba irin wannan digiri.

Akwai masu cewa shi ya ƙirƙiro ma'ajiyar jini. Wannan zuzutawa ce, kuma mutumin ba ya buƙatarta. Tun 1901 Karl Landsteiner na ƙasar Austriya ya gano cewa jini rukuni-rukuni ne. A 1914 aka gano sinadarin da ke hana shi daskarewa, a 1937 kuma wani likita mai suna Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a wani asibitin Chicago. Abin da Drew ya yi daban ne, kuma a ganina ɗan kasuwa zai fi kowa gane darajarsa: ya ɗauki abin da ake yi kaɗan-kaɗan a asibiti ɗaya, ya mai da shi harka mai tsari da za ta ɗauki dubban mutane ta ƙetare teku.

Ga yadda abin ya faru. A 1940 jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a kan Ingila, masu rauni sun yi yawa, sai aka kafa wani shiri a New York na tara jini a aika musu, aka ɗora Drew a kan aikin likitancinsa. Matsalar ita ce cikakken jini kamar ɗanyen tumatir yake, ba ya jure doguwar hanya da girgiza. To amma in aka bar jini ya kwanta, ko aka wulwula shi a inji, yakan rabu biyu: jajayen ƙwayoyi su koma ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan jinin ya ɗan fi rabin jinin mutum, ya fi daɗewa a ajiye, kuma a wancan lokaci akan haɗa na mutane da yawa a ƙara wa wanda ya zubar da jini ba tare da tsayawa neman rukuninsa ba. Shi aka riƙa aikawa.

Inda hannun Drew ya fito shi ne wajen ƙa'ida. Kowane asibiti da ke cikin shirin dole ya ɗebi jini ta hanya ɗaya, da kayan aiki masu tsabta iri ɗaya, a gwada kowane kaso a tabbatar ƙwayoyin cuta ba su shiga ba kafin a rufe a yi lodi. Wanda ya taɓa aika kaya Kwatano ko Kano aka dawo masa da su saboda buhu ɗaya ya ɓata sauran ya san abin da ake nufi. Cikin ƴan watanni, zuwa farkon 1941, mutum sama da 14,000 sun ba da jini, an aika da fiye da lita 5,000 na ruwan jini. A wannan shekara ta 1941 ya jagoranci ma'ajiyar jini ta ƙungiyar agaji ta Red Cross a New York, inda aka yi amfani da motoci masu firji da ke bin mutane inda suke a ɗebi jini, maimakon a zauna jiran su zo asibiti.

Sai ga abin kunya. Ƙasar da ta ɗora baƙar fata a kan wannan aiki ita ce ta ce ba a karɓar jinin baƙaƙe domin sojojinta. Da surutu ya yi yawa, a 1942 aka ce to a karɓa, amma a ware shi daban da na farare. Drew, wanda ya riga ya koma koyar da aikin tiyata a jami'ar Howard, ya fito fili ya soki wannan doka da cewa ba ta da tushe a ilimi. Gaskiyarsa kuwa, domin abin da likita ke dubawa shi ne rukuni, A ko B ko AB ko O, ba launin fata ba. Sai a 1950 Red Cross ta daina wannan wariya. Na kawo wannan ne saboda mu ma muna da tamu: akwai mai cewa ba za a sa wa matarsa jinin wanda bai san asalinsa ba. Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Buzu, in rukuninsu ɗaya kuma gwaji ya nuna lafiya, ledar wannan tana tashin wancan.

A ranar 1 ga Afrilu 1950 ya yi hatsarin mota a jihar North Carolina yana hanyar zuwa taron likitoci a Tuskegee, ya rasu yana da shekara 45. Labari ya daɗe yana yawo wai asibitin farare ne ya hana shi jini har ya cika. Likitocin da ke cikin motar tare da shi, su ma baƙaƙe, sun ce an kula da shi yadda ya kamata, raunin ne ya fi ƙarfin magani. Labarin ya samu shiga ne domin a lokacin ana yi wa wasu baƙaƙe irin haka, amma ba a kansa ya faru ba.

Yanzu mu dawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa in mutum 10 cikin kowane 1,000 na ba da jini, ƙasa za ta samu mafi ƙarancin abin da take buƙata, kuma ƙasashenmu da yawa ba su kai nan ba. Ga shi buƙatarmu ta fi ta wasu: zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kashe mata, masassarar damina na tsotse jinin yara, ga masu amosanin jini, ga hatsarin hanya da ya zama abokin tafiyar fatake. Kuma yaron da masassara ta ƙarar wa jini ba ruwan jini yake so ba, jajayen ƙwayoyi yake so, su kuwa ko a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6 ba sa wuce kwana 35 zuwa 42. Ma'ana wannan rumbu ba a cika shi sau ɗaya a shekara ranar 14 ga Yuni a ɗauki hoto a watse. Kullum sai an zuba.

Na san abin da ke hana mutane. Wani na tsoron ƙarfinsa ya ragu, alhali abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin kusan lita 5 da ke jikin baligi, ruwan ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin ƴan makonni. Wani na tsoron abin da gwaji zai tono. Wani kuma cewa yake ya ba da kyauta a sayar wa talaka, kuma wannan ƙorafi ba za a share shi da hannu ba. Hakkin hukumomin lafiya ne su bayyana a rubuce, da Hausa, abin da ake biya na leda da gwaji da abin da ba a biya, su kuma kori masu dillancin jini da ke laɓe a ƙofar asibitoci. Ɗan kasuwa ba ya zuba kaya a inda ba a nuna masa lissafi.

Amma ku ma da naku. Ina ake tara lafiyayyun maza dubbai a wuri ɗaya kowane mako in ba a kasuwa ba? Jibiya, Illela, Birnin Ƙonni, Maigatari, Magarya: ga direbobi, ga ƴan dako, ga ƴan kamasho, ga mahauta, kowace sana'a da shugabanta da asusunta. Motar da Drew ya yi aiki da ita a New York ba wani abu ba ce face zuwa inda taro yake. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin adashi da na gyaran rumfa ba za ta gaza rubuta sunayen mutum hamsin da rukunin jininsu ba, ta aika wa cibiyar ƙarin jini mafi kusa cewa a zo ran kasuwa. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu. Abin da sarkin kasuwa zai tanada shi ne rumfa mai inuwa, benci biyu, ruwan sha, da mai shela tun ana jibi kasuwa.