Sarƙa ga ƙafa, tasbaha ga hannu

Daren 17 ga watan Satumba 2018, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka faɗa ma Bomowanga, wani ƙauyen Gurmawa da ke yankin Makalondi, cikin jihar Tilaberi, dab da iyakar Burkina Faso. Suka yi awon gaba da limamin Katolika na garin, Piyer Luwiji Makalli, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya shekara 11 nan yana gina rijiyoyi yana kula da yara masu tamowa. Bisa babur aka ratsa daji da shi har hamadar Mali. Ba a sake shi ba sai ran 8 ga watan Oktoba 2020, tare da Sumaila Sise, madugun ƴan adawar Mali na wancan lokaci. Kwana 752 ke nan. Ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kaya wata guda, da ma'aikacin da ya taɓa jiran albashi wata ukku, sun san yadda kwana ke tsawo in babu labari.

Bayan dawowarsa, mutumin bai ɓoye komi ba. Ya ce ya yi kuka, ya ce ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi. Wani na iya ɗaukar wannan raunin imani ne. Ga Kirista kuwa ba haka ba ne, don littafinsu cike yake da irin wannan koke. Ayuba, da dukiya da ɗiya da lafiya suka kuɓuce masa, ya yi ta kai ƙara gaban Ubangiji, kuma a ƙarshe abokansa masu yi masa wa'azi aka tsauta ma, ba shi ba. Zabura ta 22 da kukan yasasshe ta fara, ita ce kuma Yesu Almasihu ya ɗauko bisa gicciye. Mai kai kuka ga Allah bai rabu da Allah ba tukuna. Wanda ya yanke ƙauna shi ne wanda ya daina magana da shi.

Can cikin rairayi babu majami'a, babu Littafi Mai Tsarki, babu gurasar jibin Ubangiji. Da dare a ɗaure masa ƙafafu da sarƙa. Sai ya samu ƙyalle ya ƙuƙƙulla shi ya mai da shi tasbaha, yana ja safe da marece. Ran Lahadi, da yake ba shi da abin miƙawa, sai ya miƙa wahalarsa. Addu'ar da Yesu ya koya ma almajiransa abincin yini guda take roƙo, ba na shekara ba, kuma haka wannan bawan Allah ya ci kwanakinsa, ɗaya bayan ɗaya. Can garinsu kuwa, ran 17 ga kowane wata jama'a na taruwa suna yi masa addu'a.

To, nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Kada a ce dogara ce ta sayo masa sakin, kamar yadda ake ba da kuɗi a karɓi haja. Biyatiris Sitokli, ƴar mishan daga Suwis wadda aka sace a Tumbutu cikin Janairu 2016, ita ma mai dogara ce, amma ba ta dawo ba: labarin kisanta ya fito cikin makon da aka saki Makalli. Dogara ba ciniki ba ce. Bangaskiyar Kirista ba ta yi ma kowa alkawarin kauce ma gicciye ba. Abin da ta ce shi ne Allah na tare da mai ɗauke da shi, kuma mutuwa ba ita ce ƙarshen zance ba.

Shaidar dogarar Makalli ta bayyana ne ga abin da ya fito da shi daga hamada. Ya ce ya yafe ma waɗanda suka ɗaure shi, samari ne da aka ɗora ma bindiga tun ba su san duniya ba, kuma bai riƙe kowa cikin zuciya ba. Mutumin da ya yarda cewa hukunci na Allah ne ba ya buƙatar ɗaukar fansa da hannunsa.

Wanda gobara ta cinye masa rumfa, da wanda bashi ya hana barci, da wanda ke kwana asibiti bakin gadon ɗansa, kowa da irin tasa sarƙar. Hausawa na cewa komi nisan dare gari na wayewa. Gaskiya ne, amma na cikin daren bai san ƙarfe nawa ba ne. Abin da ya rage gare shi sai ƙullin da ke tsakanin yatsunsa, ya ja shi, ya kama na gaba.