DAGA BAKIN ALLO: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A wannan wata zancenmu na allura da zare ne.

Ran nan na kai wa uwargida saƙo shagon wata tela a nan Zongo, wadda ɗalibata ce a da. Shagon ɗan ƙarami ne, keken Butterfly guda biyu da 'yan koyo uku. Na tarar da ita ta tasa wani tsohon hoto a gaba tana ta dubawa. Ta ce, "Malam, amarya ce ta kawo hoton kakarta, wai irin wannan rigar take so ranar ɗaurin aure." Riga ce mai faɗin wuya da hannu mai tattara, ga surfani a ƙirji. Da hannu za ta yi surfanin, ta kalmashe baki, ta lulluɓe maɓallai da ƙyallen atamfar. Aikin kwana huɗu ke nan, alhali rigar yayi wuni ɗaya ta ishe ta.

Na tambaye ta me ya kai ta ga wannan wahala. Ta ce, "Malam, in na yi gasar araha da gwanjo, rufe shago zan yi."

Gaskiyarta. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Atamfa 'yar Holan ta gagari talaka, jama'a suka ƙara karkata ga dilolin gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano, kayan da kasuwar Misebo, maƙwabciyarmu, ta yi suna da su. Daga baya atamfar Sin mai rahusa ta cika gari. Yau kuma ga masana'antun Glo-Djigbé suna ɗinka tufafi da audugar ƙasar nan, har ana kaiwa ƙasashen waje. To, ina mai keke biyu za ta ja da waɗannan? Sai dai ta sayar da abin da ba a samu a cikin dila: riga daidai jikin mai ita, da ɗinkin da iyayenmu suka sani.

Amma fa akwai gyara, kuma a wajenmu yake. Na farko, mu ne masu yaba aikin hannu da baki, in an zo biya sai mu yi tayin kuɗin gwanjo, ko mu karɓi riga mu ce "sai bayan salla". Mun manta araha ba ta ado. Na biyu, tsofaffin da suka iya wannan surfani suna ƙarewa, yaranmu kuwa ɗinkin inji kawai suke so, don ya fi saurin kawo kuɗi.

Shawarata ga iyaye: in kun kai yarinya koyon ɗinki, ku zaɓi inda ake riƙe allura da hannu, kuma ku tsaya ta rubuta jarrabawar CQM ta masu sana'a, ta sami takardar gwamnati. Kada kuma a cire ta daga makaranta tun ba ta iya lissafi ba, domin telar da ba ta iya ƙidaya kuɗin zare da na kwanakinta ba, wa wasu take yi wa aiki.

Ku kuma iyayenmu mata, ku buɗe akwatunanku. Tsohuwar rigar nan da ke ƙasan adaka littafi ce. A ara wa tela ta karanta kafin asu ya riga ta.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.