Kumbon Da Bai Taɓa Barin Ƙasa Ba

Tun daga shekarar 2017, lokacin da aka fito da Star Trek: Discovery, wani rukuni na masoyan wannan tsohon shiri na Amurka suka kama kuka guda suna ta maimaitawa: wai an ɓata masu shirinsu, an cusa masa siyasa. Baƙar mace, Sonequa Martin-Green, ita aka bai wa jagorancin labarin. Ga zancen launin fata, ga na mata, sannan a 2020 shirin Picard ya zo da na ƴan gudun hijira. Abin da suke nema, in ji su, shi ne a mayar masu da shirin da suka sani, wanda mutum zai dawo daga aiki a gajiye, ya miƙe ƙafa gaban talabijin, a ɗauke shi zuwa taurari ya manta da kuɗin haya da hayaniyar majalisa. Neman hutu ba laifi ba ne. Sai dai shirin da suke yi wa wannan makoki ba a taɓa yin sa ba, kuma ya kamata a gaya masu haka ba tare da kwana-kwana ba.

Ga mai karatun da bai san shi ba, Star Trek ƙagaggen labari ne da aka gina bisa kimiyya, na wani kumbo mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari a ƙarni na 23. Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin sama kuma tsohon ɗan sanda, shi ya ƙirƙiro shi. Tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1966, aka yi kashi 79, aka tsayar da shi a 1969, makonni kaɗan kafin ɗan Adam ya taka wata. Daga baya ne ya yi rassa, ya zama fina-finai da shirye-shirye barkatai.

To, mu dubi mutanen da aka zaunar a ɗakin tuƙin kumbon. A ƙasar da shekara biyu kacal da ta kafa dokar haramta wariyar launin fata ta 1964, ga baƙar mace da kakin hafsa, Uhura, wadda aka samo sunanta daga kalmar ƴanci ta Suwahili. Ga Sulu, wanda George Takei ya fito a matsayinsa, mutumin da gwamnatin Amurka ta tsare tun yana yaro tare da iyayensa a sansanin da aka tara masu asalin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1967, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, aka ƙaro matashi ɗan Rasha, Chekov, aka damƙa masa aikin nuna wa kumbon hanya. Wa zai ce wannan zaman haɗuwa ce ta tsautsayi? Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, ta sha ba da labarin yadda ta yi niyyar barin shirin bayan shekarar farko, Martin Luther King ya roƙe ta da ta tsaya, don kuwa ƴaƴan baƙaƙe ba su da wani wuri a talabijin da suke ganin irinsu a irin wannan matsayi. Mutumin da ke shiga kurkuku yana fita saboda haƙƙin jefa ƙuri'a bai ɗauki abin wasan yara ba.

Labaran kansu ba su ɓoye komai ba. A Fabrairun 1968, yaƙin Biyetnam na ci kamar wutar daji, aka nuna wani kashi inda abokan gaba suka bai wa wata al'umma bindigogi, kyaftin Kirk ya yanke shawarar bai wa ɗaya ɓangaren irinsu don a yi daidai, likitan kumbon yana ta yi masa faɗa. A Janairun 1969 aka kawo mutum biyu, kowanne rabin fuskarsa fari rabi baƙi, suna farautar juna tsawon dubban shekaru saboda na ɗaya baƙin yana dama, na ɗayan yana hagu. In akwai abin zargi a nan, shi ne wa'azin ya yi tsirara da yawa, har yaron firamare ya gane inda aka dosa.

To ina masu kukan suke a lokacin? Da yawansu yara ne, suna kallon harbin wuta da kunnuwan Spock masu tsini, saƙon yana wucewa ta bisa kawunansu. Waɗansu kuma sun riski shirin ne bayan ƙura ta lafa, lokacin da yabon King ba ya jawo wa kowa asarar aiki ko aboki. Faɗan da aka riga aka gama daɗin kallo gare shi. Wanda ake cikin yi, wanda zai iya taɓa aljihunka ko ya sa ka sake duban maƙwabcinka, shi ne ake kira siyasa. Nan ne gizo ke saƙar.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda waɗannan mutane ke ɗaga Deep Space Nine, wanda aka yi daga 1993 zuwa 1999, a matsayin zamanin zinariya. Na yarda da su, shi ne mafi kyawun rassan. Amma me ya sa ya yi kyau? Saboda shi ne ya fi kowanne sauka cikin rayuwar yau da kullum. A 1996 an yi kashi sukutum a kan wani ma'aikacin mashaya, Rom, wanda ciwon kunne ya kusan kashe shi don ba shi da hutun jinya, mai mashayar, wanda kuma yayansa ne, ya zabge albashi, shi kuwa ya haɗa kan abokan aikinsa suka kafa sandika suka shiga yajin aiki. Duk malamin da ya taɓa jiran albashi har tsakiyar wata na gaba ya san wannan labari ba a taurari yake ba. A 1995 kuma an mayar da kwamanda Sisko baya zuwa birnin San Faransisko na shekarar 2024, inda hukuma ta katange unguwanni ta zuba marasa gida da marasa aiki a ciki, ba don sun yi laifi ba, don dai kada masu hali su riƙa ganinsu. Da 2024 ta zo da gaske, masoyan shirin suka yi ta tuna wannan kashi, don matsalar masu kwana a titi a manyan biranen Amurka tana nan daram. Sai kuma na 1998, wanda Avery Brooks da kansa ya ba da umarni: Sisko ya tsinci kansa a matsayin baƙin marubuci a Amurkar 1953, ya rubuta labarin tashar sararin samaniya mai baƙin kwamanda, mai mujallar ya gwammace ya lalata bugun gaba ɗaya da a ce labarin ya fita. Mutumin da ya kalli wannan ya tafa, sannan bayan shekara ashirin ya fusata don an sa baƙar mace a gaba, ya zauna a gefen mai mujallar ne bai sani ba.

Ba ina cewa sababbin shirye-shiryen ba su da aibi ba. Suna da shi, kuma mai yawa. Akwai kuka da hawaye fiye da kima, akwai gaggawar ceto duniya kowace shekara, akwai wuraren da marubuci ya gaji sai ya sa jarumi ya tsaya ya karanto darasi maimakon labarin ya nuna shi. Wanda ya ce rubutun ya raunana, muna iya zama mu yi gardama kashi bayan kashi, kuma sau da yawa zan ba shi gaskiya. Wannan suka ce ta adabi. Amma ba ita ke sa mutum ya fara zagi tun kafin a nuna kashi na farko ba, daga ganin hoton ƴan wasa kawai, kamar yadda aka yi a 2017.

Akwai kuma wata siyasar da masu kukan ba su taɓa jin ɗoyinta ba, don sun girma a cikinta. A Oktoban 1987, farkon shirin The Next Generation, kumbon ya sauka wata duniya da duk mutanenta baƙaƙe ne, da rawuna da mashi da sarki mai son mata, wanda ya sace farar hafsa don ya aure ta. Ƴan wasan da suka fito a ciki sun yi tir da shi daga baya. Wanda ya kalle shi daga nan ba ya buƙatar a yi masa tafsiri. Haka nan asalin ginin labarin: Roddenberry ya tallata shi ga masu tashar a matsayin shirin kaboyi da aka mayar sararin samaniya, wato ayarin masu kaki da ke kutsawa ƙasar da suke kira sabuwa. Sabuwa ga wa? Mu da muka san abin da ayarin Voulet da Chanoine ya yi a Lugu da Birnin Ƙonni a 1899, ba ma jin kalmar bincike da kunne ɗaya da ɗan Kalifoniya. Gaskiya ne marubutan sun ji wannan nauyi, shi ya sa suka ƙago babbar dokar rundunar, wadda ta hana shiga sha'anin al'ummar da ba ta kai ga ƙera injin tafiya tsakanin taurari ba. Niyya mai kyau. Amma ma'aunin fa? Inji. Mai inji ya balaga, marar inji yaro ne da za a leƙa daga nesa. Kuma Kirk kan taka dokar duk ranar da ya ga al'adar mutane ba ta yi masa ba.

Akwai rukuni na biyu na masoya, masu kirki su, amma ina jin tsoron mafarkinsu. Su ne masu cewa ai shirin ya riga ya nuna mana hanya: a duniyarsa babu kuɗi, babu yunwa, akwai na'ura a bango da kake gaya wa abin da kake so ta fito maka da shi da zafinsa. Saboda haka a yi haƙuri, kimiyya na tafe. Wanda ya ga 2005 a ƙasar nan ba zai sayi wannan magana ba. A shekarar hatsi bai yanke a kasuwannin Maraɗi ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, yara suna ramewa a garuruwan da ake lodin buhuna. Amartya Sen ya bayyana irin haka tun 1981 a nazarinsa na yunwar Bengal ta 1943: abin tambaya shi ne wa ke da ikon isa ga abincin. Na'urar bango ba ta amsa wannan, sai an san mai ɗakin da take ciki. Abin mamaki, shirin da kansa ya fi waɗannan masoya sani. A wani kashi na Disamban 1966 an ba da labarin gwamna Kodos, wanda da abinci ya lalace a yankinsa ya zaɓi mutum 4,000 cikin 8,000 ya kashe don sauran su rayu, sai ga jiragen agaji sun iso da wuri. Kumbuna na yawo a sama, amma hukuncin mai mulki ne ya raba mai rai da matacce.

Kada a ɗauka ina cikin masu yi wa masoyan shirin ba'a. William Shatner, wato Kirk, ya yi hakan a wani wasan barkwanci na talabijin a 1986, inda ya ce da su su je su nemi abin yi. Bai yi masu adalci ba. Wasiƙunsu ne suka taimaka aka ƙara wa shirin shekara ta uku a 1968. Wasiƙunsu ne suka sa a 1976 aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise, ko da yake shi wannan bai taɓa fita sararin samaniya ba. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je can a 1992, ta faɗi da bakinta cewa Uhura na cikin waɗanda suka sa mata wannan buri. Har harshe suka raya: Marc Okrand ya tsara wa mutanen Klingon nahawu, ya buga ƙamus a 1985, masoya suka kafa masa cibiya a 1992, suka fassara Hamlet a cikinsa. A 2013 na'urar fassara ta Microsoft ta karɓi Klingon, harshen mutanen da babu su. Hausa, mai miliyoyin masu magana daga Agadas zuwa Kumasi, sai a 2023 ta shiga. Ba na jin haushin masu Klingon. Naci suka yi, kuma naci ya biya su. Amma a daina gaya mini cewa abin da ake so a talabijin ba ya taɓa rayuwa.

Cikin duk kasosin, wanda nake komawa gare shi a matsayina na mai koyar da harsuna biyu shi ne Darmok, na 1991. A duniyar shirin akwai na'urar da ke fassara kowane harshe nan take, abin da ya sa kowa ke magana da Ingilishi har a bayan taurari. Sai aka gamu da wata al'umma da na'urar ke fassara kalmominta ɗaya bayan ɗaya amma ba a fahimtar komai, don ba sa magana sai da ishara ga tatsuniyoyinsu. Kamar dai Bahaushe ya ce da baƙo wane ya yi masa halin Gizo: kowace kalma a fili take, amma wanda bai yi hira a gindin kaka ba ya tashi a tutar babu. Kyaftin ɗin waɗancan mutane ya ɗauke Picard, ya kai shi inda za su fuskanci dabba mai haɗari su biyu, don wahalar da suka sha tare ta zama labarin da za su riƙa ishara da shi. Ya rasa ransa a wannan ƙoƙari, Picard kuwa ya tsira da ƴan jimlolin da suka isa tsayar da yaƙi. Masoya na kowane ɓangare suna sa wannan kashi cikin mafi kyau, kuma ban taɓa jin wanda ya zarge shi da siyasa ba. Yaron da ya shigo lakwal daga ƙauye, aka fara yi masa karatu da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba, shi za a tambaya.