Aikin lafiya ba allura kaɗai ba ne

Makon jiya wata uwa ta tare ni a bakin makaranta, ranta a ɓace. Ta ce, "Ticha, 'yarka fa ta gama jami'a, amma ofis suka kai ta. Ko allura ba ta iya ba." Yarinyar ni na koya mata lissafi a ƙaramar sakandare. Yanzu tana bautar ƙasa a ofishin lafiya na gunduma, sashen tsare-tsare, kuma a gida ana kallonta kamar wadda ta nemi likitanci ta faɗi.

Na ce mata, Mma, yi haƙuri ki ji. Abin da na faɗa mata shi nake son sauran iyaye a zango su ji.

Mu dai aikin lafiya biyu muka sani, likita da nas. Farar riga muke gani. Amma kafin nas ta zauna ƙarƙashin rumfa tana awon jarirai, akwai wanda ya lissafa yara nawa ne a unguwar, kwalbar rigakafi nawa za a kawo, wace rana, da wane babur, man nawa zai sha. Tsarin CHPS, wanda ya samo asali daga binciken da aka yi a Navrongo a shekarun 1990, ya ce a kai nas cikin jama'a ta zauna. To, wace unguwa za a fara kaiwa? A kan tebur ake yanke wannan, da takarda da alƙaluma.

Nan ne abin ya shafe mu. Adadin yaran da ake sa ran yi wa rigakafi daga ƙidayar jama'a ake fitar da shi, kuma ta ƙarshe an yi ta a 2021. Wanda ya san Nima ko Aboabo ya san gida ɗaya kan ɗauki iyali goma, ga baƙi masu zuwa da tafiya, ga 'yan mata masu dako da ke kwana a barandar shago. Ma'aikacin da bai taɓa shiga lungun ba zai karɓi lambar yadda ya same ta. 'Yar unguwa kuwa za ta ce, a'a, wannan lissafin ya yi kaɗan, mu je mu duba. Ita ce za ta hana a sa taron wayar da kai ranar Juma'a da azahar, sannan a rubuta cewa mutanen zango ba sa fitowa. Ita ce za ta tuna cewa mata da yawa sun fi sakewa in mace ce ke yi musu awon ciki. Kwalarar 2014, da ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, akasari a Akra, ba rashin iya allura ya kawo ta ba. Ruwa ne da bayan gida da kwata.

Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba, farkon hanyar akwai wuya. Alawus ɗin bautar ƙasa rabinsa a kuɗin mota yake tafiya. In an gama kuma, ɗaukar aikin gwamnati sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini, wasu su shekara suna jira. Mu da muka fito kwalejin horar da malamai mun san ɗacin jiran albashin farko. Kuma sabon shiga, shi ne mai buga wasiƙa, shi ne mai ɗaukar bayanin taro.

Duk da haka na ce wa yarinyar kada ta raina wannan shekarar. Ta zauna kusa da jami'in bayanai ta koyi DHIMS2, manhajar da asibitoci ke zuba rahotonsu na wata-wata. Ta ƙware a Excel. Ta gane yadda kuɗin inshorar lafiya ke dawowa asibiti, da abin da ke sa a ƙi biyan wata takarda. In za a fita zagaye kuma ta roƙi a tafi da ita, ko a bayan mota ne. Wannan ilimi ƙungiyoyin agaji da asibitocin mishan da na Musulunci duk suna nemansa, ba gwamnati kaɗai ba.

Uwar ta yi shiru, can ta ce, "To ita za ta iya sa a kawo mana awon yara kusa? Tsallaka babban titin nan da goyo ya ishe mu." Na ce ba bana ba, amma ta san wanda ake rubuta wa, ta kuma san lambobin da ake sawa a takardar.