Muhawarar Bindiga A Ƙasar Gobir: Wa Zai Riƙe, Wa Zai Amsa Tambaya?

Tun daga watan Satumba 2021, lokacin da 'yan bindiga suka far wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, tambaya guda ta ƙi barin bakin ɗalibai 'yan asalin wannan yanki: shin ya kamata a bar talaka ya mallaki bindiga don kare kansa?

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Sukan ce idan sansanin soja bai tsira ba, ina ga manomi mai fartanya? Sukan tuna da matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba 2021, da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace kuma aka kashe a 2024. Ga kuma dubban mutanen Isa da Sabon Birni da suka yi gudun hijira zuwa Jihar Maraɗi.

Masu suka kuwa sukan kafa hujja da abin da ya auku a watan Oktoba 2021. 'Yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ba a jima ba aka bindige mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, abin da jama'a da yawa suka ɗauka ramuwar gayya ce. Daga baya Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Na yaƙi sai da lasin Shugaban Ƙasa, na ƙashin kai sai da na Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar gargajiya irin ta maharba kuma sai da na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Shi ya sa da Gwamnatin Zamfara ta umurci jama'a su nemi lasin bindiga a watan Yuni 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Abin lura a nan shi ne, doka tana ɗaure mai bin doka ne kawai. Ɗan ta'adda bai taɓa neman lasin ba, makaminsa ta kan iyaka yake shigowa, musamman tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Amma kuma bindigar da aka raba ba rajista, ba horo, ba shugaba, ba ta komawa ma'aji idan ƙura ta lafa. Rikicin gona da na sarauta za su gaje ta.

Saboda haka ainihin batun shi ne wanda zai amsa tambaya idan bindiga ta tashi. Rundunar tsaron al'umma da Gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar a 2024 gwaji ce a wannan hanya. Ma'auninta kuwa uku ne: kowane makami ya zama da lamba da sunan mai riƙe shi, albashi ya fita kan kari, wanda ya yi kisa ba bisa ƙa'ida ba kuma ya gurfana gaban alƙali. Ɗaliban yau su ne ma'aikatan da za su riƙe waɗannan littattafai gobe, don haka a nan ya dace muhawararsu ta dosa.