Filin golf mafi daraja a duniya jigawa ne

Wasu 'yan jaridarmu suna kiran wasan golf da ƙwallon lambu, kuma sunan ya dace da abin da talabijin yake nuna mana: ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, tafkuna da furanni, famfuna suna fesa ruwa, ga maigadi a bakin ƙofa. Sai dai wasan bai tashi a lambu ba. A gaɓar tekun gabashin Sikotilan ya yi wayo, a kan wani siririn yanki mai yashi da yake kwance tsakanin teku da gonaki, wanda manomi ba ya samun abin kirki a cikinsa. Mutanen can suna kiran irin wannan ƙasa links, daga wata tsohuwar kalma mai nufin tudu. Mu ma muna da kalmarmu, wadda har ta zama sunan jiha a 1991, wato jigawa.

Ra'ayina shi ne, filin St Andrews, wanda 'yan golf na duniya suke ɗauka a matsayin mahaifar wasansu, yana da darasin da ya shafi mutumin Ɗanzomo da na Maigatari ko da ba su taɓa riƙe sandar golf ba. Filin ya kai yau ne saboda abu biyu. An bar ƙasar yadda Allah ya halicce ta, kuma an rubuta haƙƙin jama'ar gari a kanta tun kafin masu kuɗi su gane darajarta.

Bari mu fara da yadda yini guda yake kasancewa a wurin. Baƙon da yake son buga wasa a tsohon filin St Andrews, in bai kama gurbi tun da daɗewa ba, sai ya shiga ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin ranar. In sunansa ya fito, zai biya kuɗin da ya haura fam 300 a lokacin zafi, ya tsaya a gaban tsohon ginin kulob ɗin R&A wanda aka kafa a 1754, ya buga ƙwallonsa ta farko. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne hanyar jama'a da ta ratsa ta tsakiyar filin rami na farko da na ƙarshe. Masu tafiya bakin teku suna wucewa da yaransu da karnukansu, ɗan wasa kuwa dole ya dakata har su wuce.

Daga nan sai tafiya a ƙasa ta kimanin awa huɗu, rami 18, a miƙe a fita sannan a juyo a dawo cikin gari. Babu inuwar bishiya, babu tafkin da aka haƙa don ado. Ƙasar tauri gare ta, domin yashi ba ya riƙe ruwa, saboda haka ƙwallo tana faɗuwa ta yi ta gangarawa inda tudu da kwari suka kai ta. Iskar Tekun Arewa ita ce babbar abokiyar hamayya. Ramin da aka kai da bugu biyu da safe yana iya neman uku da yamma in iska ta juya. Shi ya sa gwanayen irin wannan fili suke buga ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta yi ta birgima, maimakon su ɗaga ta sama iska ta yi awon gaba da ita. Akwai guraben yashi 112 a filin, wasunsu ba a ganinsu sai an zo kansu, wasu kuma zurfinsu ya fi tsayin mutum. Ana cewa asalinsu makwancin tumaki ne da suke fakewa daga iska. Tiger Woods ya lashe gasar Open ta 2000 a nan ba tare da ƙwallonsa ta faɗa ko ɗaya daga cikinsu ba a kwana huɗu, kuma har yau ana ba da labarin.

Ana yi wa filin ban ruwa, amma da awo. In fari ya yi, ciyawar takan koma ruwan ƙasa, kuma masu kula da irin waɗannan filaye ba sa ganin hakan a matsayin abin kunya. A gasar Open ta 2006 a Hoylake da ta 2018 a Carnoustie, duniya ta kalli manyan 'yan wasa suna fafatawa a kan ƙasar da ta yi kama da bayan garin Gumel a watan Disamba. Ranar Lahadi kuwa, in ba lokacin babbar gasa ba, ana rufe tsohon filin St Andrews ga 'yan golf gaba ɗaya, ya koma wurin shan iskar mutanen gari.

Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihin cike yake da rigima. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya samu izinin kiwon zomaye a wani sashe na filin, amma takardar da aka rubuta ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na kiwon dabbobi da buga golf da ƙwallon ƙafa da sauran wasanni a wurin. A 1797 majalisar garin ta faɗa cikin bashi, ta rabu da filin, ya koma hannun masu kiwon zomaye don kasuwa. Aka shafe kusan shekara ashirin ana shari'a da ja-in-ja, abin da ake kira Yaƙin Zomaye (mutanen Ɗanzomo su yi haƙuri, ba da su ake ba). Sai a 1821 wani mai gonaki, James Cheape, ya sayi filin ya kawo ƙarshen rikicin. A 1894 garin ya dawo da shi hannunsa ta hanyar dokar majalisar Birtaniya, a 1974 kuma wata dokar ta miƙa shi ga hukumar amintattu da take riƙe da shi har yau a madadin jama'a. Abin da mazaunin garin yake biya na shekara guda bai yi nisa da abin da baƙo yake biya na zagaye ɗaya ba.

St Andrews ba shi kaɗai ba ne. A Brora da ke arewacin Sikotilan, shanu da tumaki sun shafe shekaru masu yawa suna kiwo a cikin filin golf, farfajiyar ramuka kawai aka riƙa kewayewa da siririyar waya. A Westward Ho! da ke Ingila, inda aka kafa kulob a 1864, tumaki da dawakai suna raba fili da 'yan wasa, domin ƙasar ta gama-gari ce. Akwai kuma misalin da ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Filin da Donald Trump ya buɗe a 2012 a arewa da Aberdeen an gina shi ne a kan tuddan yashi masu kariyar doka, kuma a ƙarshen 2020 hukumar kula da muhalli ta Sikotilan ta cire wani sashensu daga jerin wurare masu kariya, saboda aikin ya lalata abin da ya sa aka kare su. Golf ɗin ma yakan cinye jigawa in aka sakar masa mara.

A ƙasarmu, wasan ya shigo ne tare da Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka buɗe kulob a Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Da yake babu ruwan da za a raya ciyawa da rani, sai aka riƙa yin farfajiyar rami da yashi gauraye da mai, a share ta kafin a gangara ƙwallo. Zuba baƙin mai a ƙasa ba abin koyi ba ne, amma tunanin da ke bayansa daidai ne: a yi wasa da irin ƙasar da ake da ita. Abin da aka gada mara kyau shi ne katanga. Kulob ya zama wurin manya, talaka ba ya shiga sai a matsayin mai ɗaukar jakar sanduna. Daga baya talabijin ya ƙara mana da sha'awar koren filin Augusta na Amurka, wanda ake nunawa kowace Afrilu, daidai lokacin da rijiyoyinmu suke ƙafewa. A Jigawa, marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a watan Janairun 2023, ya bar filin golf na Dutse da ɗimbin itatuwan da aka dasa a cikinsa. Ya nuna cewa basarake yana iya ware ƙasa ya hana a yanka ta fuloti-fuloti. Tambayar da ta rage ita ce wane ne zai yi wa filayen da ba su da sarki a bayansu irin wannan gata.

A nan ne maganar ta iso masarautar Gumel. Ba ina kira a gina filin golf a Ɗanzomo ba ne. Abin da nake nuni gare shi shi ne ƙasar da ta yi daidai da links a rayuwarmu: hurumin bayan gari, burtali, makiyaya, mashaya, filin idi, dandalin da yara suke buga ƙwallo da langa, da tudun sabara da kalgo inda mata suke samun itace da ganyen magani. Duk wanda ya ga garken da ake korowa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa dabbobin nan ba ta sama suka zo ba, sun bi hanya, sun ci, sun sha, sun kwana a wani wuri. Wannan wurin shi ne ake kira fili "wanda ba a amfani da shi" a duk lokacin da aka zauna rabon ƙasa a ofis.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wa matsalar nauyi. In gwamnati ta karɓi ƙasa, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da mutum ya kashe wa kuɗi. Ciyawar da ta tsiro da kanta da hanyar da kofato ya fitar ba su da farashi. An ga yadda ƙura ta tashi a 'yan shekarun baya lokacin da gwamnatin jiha ta ware kimanin hekta 12,000 a Gagarawa da maƙwabtanta domin noman rake da masana'antar sukari ta kamfanin Lee Group. Manoma sun koka, gwamnati ta yi maganar diyya da ayyukan yi. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, zai lura cewa mai gona aƙalla yana da iyakar da zai nuna. Makiyayi da mai saran itace da yaron da yake wasa ba su da abin nunawa. Haka lamarin yake ko ba kamfani, domin mafi yawan burtalolin da suka ɓace maƙwabci ne ya cinye su, kunya ɗaya wannan damina, kunya biyu damina mai zuwa.

Za a ce Sikotilan ƙasa ce mai arziki da za ta iya barin fili ya zauna, mu kuwa yawanmu ƙaruwa yake yi, gonaki suna tsukewa, matasa suna neman aiki. Gaskiya ne, kuma wanda cikinsa yake kuka ba a yi masa wa'azin shan iska. Sai dai St Andrews na 1797 gari ne da bashi ya yi wa katutu, shi ya sa ma aka sayar da filin, kuma waɗanda suka saya sana'a suka kawo, kamar yadda mai rake ya kawo. Da aka bar musu, da yau babu baƙin da suke cika masaukan garin. Ban ce jigawarmu za ta jawo masu yawon buɗe ido ba. Ribarta tana hannu tun yanzu, a nono da nama da takin da garke yake bari, da saiwar da take riƙe yashi kada iskar hunturu ta kwashe shi, da kuma rigimar manomi da makiyayi da ba ta tashi ba saboda akwai hanyar wucewa. Jigawa tana cikin jihohi 11 da ake dasa itatuwan shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma babu hikima a kashe kuɗi ana dasa sabon daji alhali wanda ya tsiro da kansa yana tafiya ba mai tsaronsa.

Kayan aikin gyara suna nan. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Sashe na 6 na dokar 1978 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya domin kiwo har hekta 5,000. Abin da ya kamata ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su yi, tare da masarauta, shi ne su bi gunduma-gunduma su auna kowane hurumi da burtali da filin wasa, su kafa duwatsun iyaka, su rubuta takarda da sunan al'ummar garin. Takardar ta ambaci haƙƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta 1552 ta yi: kiwo, wucewa, shayarwa, itace, sallar idi, wasan yara. A ɗora riƙon ta a kan amintattu da suka haɗa da dagaci da arɗo da wakilan mata da matasa, a kuma hana sayarwa ko canza amfani sai an tara gari an tambaye shi.

Masu karanta wannan rubutu da yawa lauyoyi ne da masu safiyo da ma'aikatan ma'aikatar ƙasa da 'yan ƙungiyoyin ci gaban gari, wasu ma suna buga golf a Kano ko Abuja ranar Asabar. Su ne za su iya auna fili da rubuta takarda a kuɗi kaɗan ko a kyauta. In mai karatu ya je gida hutun sallah mai zuwa, ya tambayi dagacinsu ina iyakar hurumin garin take, kuma a wane littafi aka rubuta ta. In amsar ita ce kowa ya sani, to ya tuna cewa dattawan da suka sani suna ƙarewa, kuma kotu takarda take karantawa.